Ɗana, Kafin Ka Sake Tsoma Hannu a Wannan Ruwa

 Shekaranjiya da la'asar Hajiyarku ta shigo gidan nan, ta miƙo mini wayarta tana murmushi, ta ce in duba abin da ka ajiye a falonka. Na gyara zaman tabarau na duba, sai ga akwatin gilashi cike da ruwa garau, wata shuɗiyar fitila na haskawa daga sama, kifaye masu launin da ban taɓa ganin irinsa ba suna kai da kawowa, a ƙasa kuma ga duwatsu lulluɓe da wasu ƴan abubuwa zagaye-zagaye kamar maɓallan riga, wasu kore, wasu ja, wasu ruwan lemo. Na ce tubarkalla, kuma har cikin zuciyata na faɗa, domin yaron da ya zaɓi ya kashe kuɗinsa da lokacinsa wajen kallon halittar Ubangiji ya fi kwanta mini a rai a kan wanda ke kashe su a majalisar gulma. To amma sai bidiyon ya kai inda ka naɗe hannun riga ka tsoma hannunka haka nan cikin ruwan kana gyara zaman wani dutse, ƴarka na tsaye a gefe ta manna fuska da gilashin. A nan murmushina ya tsaya. Na kwana biyu ina juya maganar, yau dai bayan magariba na ce bari in zauna in rubuta maka, ka yi haƙuri da tsawonta.

Ka san na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu kafin in ajiye alli, saboda haka ba da ka nake magana ba. Mu mutanen tudu ne, tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisa. Mun san kunama, mun san gobe-da-nisa, mun san ƙayar ƙurungu da ta tarwaɗa, kuma tun muna yara aka koya mana yadda ake kama kowannensu da inda ba a sa hannu. Abin da ke cikin teku kuwa babu kakan da ya bar mana labarinsa. Ko kalmar murjani, a wurinmu ado ce, abin wuyan amare da tsofaffin mata, wanda asalinsa ƙashin wata halitta ce ta Bahar Rum da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, ya mutu ya bushe an goge shi tun kafin ya iso hannunmu. Saboda haka idan mai sayarwa ya ce maka ga murjani mai rai, babu abin da zai faɗo maka a zuciya sai kyau da tsada. Waɗannan maɓallan da na gani a kan duwatsunka kuwa dabbobi ne masu rai, dangin murjani na nesa, kowane ɗaya da bakinsa a tsakiya, suna ci, suna hayayyafa, kuma tun da ba su da ƙafar gudu, Allah ya ba waɗansunsu abin kare kai. Masana na kiran danginsu zowantid, kuma a cikinsu akwai jinsin da ake kira Palythoa, wanda daga sunansa aka samo sunan gubar da nake so ka sani, wato palitoksin.

Mutanen tsibirin Mawi da ke Hawai sun daɗe da sanin wannan abu. A wajen garin Hana akwai wani ɗan kududdufi a bakin teku da suke tsoro, suna cewa a cikinsa akwai gansakuka mai kisa, kuma labarin da suka gada ya nuna mayaƙansu na dā kan shafa ta a kan tsinin mashi. Turawa sun ɗauki abin kamar tatsuniya, har masu bincike suka gano kududdufin a 1961, aka duba aka ga ashe ba gansakuka ba ce, waɗannan ƙananan dabbobi ne. A 1971 wasu masana biyu na Jami'ar Hawai, Richard Moore da Paul Scheuer, suka ware gubar suka bayyana ta ga duniya, kuma har yau tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka taɓa samu a jikin wata halitta. Na kan tuna wannan labari in ce tsofaffin wancan ƙauye ba su da madubin likita, amma sun faɗi gaskiya, kuma da an raina maganarsu da ba a kai ga sanin ba.

Yadda take aiki a jiki ba shi da wuyar fahimta. Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana da wani ɗan famfo a bangonta, aikinsa ya fitar da sinadarin sodiyam waje ya shigo da fotasiyam ciki, kamar mai gadin zaure da ba ya buɗe ƙofar ciki sai ya rufe ta waje. Da wannan tsari jijiya ke aika saƙo, tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa. Palitoksin idan ta isa wurin sai ta tokare ƙofofin biyu a buɗe, na ciki ya fita, na waje ya afka, ƙwayar ta kumbura ta lalace. Saboda haka ba ta zaɓen wuri. In ta shiga ido sai ta ci fatar ƙwayar idon, har an samu waɗanda sai da aka yi musu dashe. In ta bi ta wani ɗan yanka a yatsa sai hannu ya mutu, jiki ya ɗauki ciwo. In an shaƙe ta sai huhu ya kumbura, numfashi ya riƙa yin sama-sama. In abin ya yi tsanani tsoka kan narke, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ƙoda ta wahala, bugun zuciya ya rikice. Kuma ba ta da makari, ɗana. Abin da likita zai iya shi ne ya tallafi jiki da iskar oksijin da ƙarin ruwa da magungunan buɗe ƙirji har gubar ta fita da kanta.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci. Mu a gidajenmu mun yarda da abubuwa uku wajen tsabta: tafasasshen ruwa, da soson ƙarfe, da rana. Kuɗin cizo ya shiga gado, a kwara masa ruwan zafi. Tukunya ta kama, a dirje ta. Abu ya yi wari, a shanya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ta raine mu lafiya, amma a kan wannan dutse ita ce ke buɗe wa guba hanya. Zafi ba ya kashe palitoksin, ɗaga ta yake yi ta bi tururi. Waɗannan halittu suna da saurin yaɗuwa, wata rana za ka ga sun mamaye dutse suna neman danne sauran abin da ka saya da tsada, zuciyarka ta ce ka ciro dutsen ka kai bayi ka zuba masa ruwan zafi ko ka kankare shi da burushi. An samu wanda ya yi haka a Amurka, an samu a Holan, kuma sakamakon iri ɗaya ne, mutum ya sunkuya a kan tururi na ƴan mintuna, bayan ƴan sa'o'i yana kwance a asibiti yana kokawa da numfashi, wani lokaci har da matarsa da ƴaƴansa da ba su san ma abin da yake yi ba.

Wannan na ƙarshe shi nake so ka tsaya a kansa. A watan Agustan 2014 a birnin Ankorej na jihar Alaska, an kawo duwatsu masu ɗauke da irin waɗannan halittu aka zuba a tankin kifi na wani gida. Mutanen da suka kamu ba su taɓa dutsen ba, kwana kawai suka yi a gidan, suka farka da ɗaci a baki kamar sun lashi ƙarfe, da zazzaɓi, da tari, da ciwon jiki, har dabbobin gidan ma suka kamu. An bi diddigi, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a 2015 da ya ƙirga mutum 10 a jihar da suka yi irin wannan rashin lafiya tsakanin 2012 da 2014, wasu a gida, wasu ma'aikatan shagon sayar da kayan tanki. A 2017 wani iyali mai mutum 7 a kudancin birnin Adiled na Ostareliya suka kwanta asibiti bayan an goge murjanin tanki. A watan Maris na 2018 a ƙauyen Stibenton kusa da Oksfod a Ingila, wani magidanci ya ciro dutse daga ruwa ya kankare shi, washegari gidan duka ba lafiya, aka kwashi mutum 10 zuwa asibiti, cikinsu har da ƴan kwana-kwanan da suka zo taimako. Duk waɗannan mutane ne masu son abin da suke kiwo, masu tsabta, ba sakarkaru ba. Rashin sani ne kawai, wanda aka ce ya fi dare duhu.

To ka dubi falonka. Tagogi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, iska ɗaya ke zagayawa daga falo zuwa ɗakin barci. Wanda ya zaɓi tankin kai ne, amma masu shaƙar iskar su ne matarka, da ƴarka mai ƙaramin ƙirji, da Hajiya in ta zo hutu, da yaron da ke yi muku aiki. Shi wannan yaro ma ina roƙonka kada ka taɓa ce masa ya wanke tankin ko ya fitar da duwatsun in kana ofis, domin zai yi maka aikin da zuciya ɗaya, ya nemo omo da soso ya dirje su fes don ka yaba masa, kuma hakkin abin da ya same shi yana wuyanka. Amanar ɗan mutane ba ƙaramin abu ba ce.

Kada ka ce ai kai ba ka sayi mai gubar ba. Ba duk zowantid ke ɗauke da ita ba, gaskiya ne, amma ido ba ya rarrabewa, launi ba ya nunawa, sunayen talla da masu shago ke raɗa musu ba su da alaƙa da sunan da masana suka sani, kuma sau da yawa mai sayarwar kansa bai san abin da ke hannunsa ba. Ban da haka sukan zo a ɓoye, ƴan ƙwaya biyu ko uku a cikin wani ramin dutsen da ka saya don wani abu dabam. Saboda haka abin da ya fi shi ne ka ɗauki kowane dutse da ke cikin wannan ruwa kamar bindigar da ba ka tabbatar ko da harsashi a cikinta ba.

Ban ce ka fasa kiwon ba. Abin da nake nema bai fi kuɗin kifi ɗaya ba. Ka sayi safar hannu ta roba mai kauri wadda ke kaiwa har dantse, da tabarau mai rufe ido ta kowane gefe, domin waɗannan halittu in an matse su sukan tsarto ruwa, da takunkumi mai kyau. Duk abin da za ka yi wa dutse ka yi shi yana nutse a cikin ruwa. In ya zama dole a fitar da shi, a yi a waje inda iska ke kaɗawa, yara na nesa, ba tafasawa, ba kankarewa, ba fesa masa ruwa mai ƙarfi irin na wankin mota. Wanda za ka zubar, ka jiƙa shi cikin ruwan bilic na wanki, kashi 1 na bilic cikin kashi 10 na ruwa, ya yi aƙalla minti 30, domin bilic na karya gubar, sannan ka ƙulle shi a leda biyu. Kada ka shanya shi a tsakar gida da tunanin rana ta gama da shi, mutuwar halittar ba ta nufin gubar ta mutu, kuma ƙurar busasshen dutse ma ana shaƙa. Wannan ya shafi ranar da wuta za ta ɗauke ta daɗe, injin tankin ya tsaya, ka dawo ka tarar komai ya mutu yana wari. A irin wannan rana ɓacin rai ke sa mutum ya kwashe komai da hannu cikin gaggawa, ita ce kuma ranar da ta fi bukatar natsuwa. Ruwan da ka canza kada a watsa shi inda yara ke wasa ko kaji ke kiwo. Sannan in za ka jawo ruwa da tiyo, kada ka zuƙa da baki yadda muke ganin ana yi wa fetur, akwai ƴar roba ta matsawa da aka yi don haka. In ka gama ka wanke hannu da sabulu sosai kafin ka shafa ido, kafin alwala, kafin ka sa hannu a kwanon tuwo tare da ƴarka.

A cikin bidiyon kamar na hangi wani kifi mai ratsin ja da fari, ya baza fukafukai kamar ɗawisu yana tafiya a hankali. In shi ne wanda ake kira kifin zaki, to ka sani yana da ƙayoyi 18 masu dafi, 13 a gadon baya, sauran a ƙasa. Ba ya kai hari don mugunta, yawanci mai tankin ne ke mantawa da inda yake ya kai hannu a kansa. Zafinsa kuwa waɗanda suka ɗanɗana suna kwatanta shi da harbin kunama ko fiye, ko da yake da wuya ya yi kisa. A nan ne ruwan zafi ke da amfani: a cire zobe tun kafin yatsa ya kumbura, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, kamar digiri 45, na minti 30 zuwa 90, sannan a je asibiti a duba ko ƙaya ta karye a ciki, a kuma duba batun allurar tetanus. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa da tsumma. Ka ga ruwan zafin da ke zama magani a wannan, shi ne musiba a wancan, shi ya sa dole ka san kowace halitta da sunanta da halinta. Ko ya mutu ƙayarsa na nan da dafinta. In kuma ka gaji da shi kada ka sake shi a wani ruwa, domin wannan kifi ɗan tekun Indiya da Fasifik ne, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, ana kyautata zaton daga tankunan mutane ya fito, yau ya cika tekun Karebiyan yana cinye ƙananan kifaye.

Akwai waɗanda ba na so ko kusa su shiga gidanka, ko kyauta aka ba ka. Ɗaya dodon koɗi ne na teku mai kwanso kamar mazurari, mai zane kamar an yi masa saƙa, yana harba wani ɗan ƙaramin mashi mai dafin da ke shanye jiki, kuma manyansu sun kashe mutane. Ana samunsa har a Bahar Maliya, saboda haka ka gaya wa ƴan'uwanmu da ke Jidda da Fot Sudan su daina tsintar kwanso mai rai a bakin ruwa suna sa wa a aljihu. Ɗayan kuma wata ƴar dabba ce mai hannuwa takwas da zobba shuɗaye a jiki, ba ta kai tafin hannu ba, cizonta ma ba a cika ji ba, amma yana tsayar da numfashi, shi ma ba makari.

Wani abin kuma ba guba ba ne, ƙwayar cuta ce, kuma wannan ka isar wa ƙanwarka mai ƴan jajayen kifaye na ruwan daɗi, da abokinka mai kiwon tarwaɗa. Akwai wata ƴar'uwar ƙwayar tarin fuka da ke zaune a ruwan kifi, sunanta Mycobacterium marinum. Tana shiga ta ɗan ƙwarzane, ta yi shiru makonni, sai wani ƙurji ja ya fito a yatsa ko bayan hannu ya ƙi warkewa, wani lokaci wasu su biyo shi a jere suna hawa hannu. Mutum ya yi ta shafe-shafe a banza, alhali maganinsa na watanni ne kuma sai likita ya san daga ina ya fito. A ruwan gishiri kuma akwai ƙwayoyin da ke cin rauni cikin sauri, sun fi haɗari ga mai ciwon hanta ko ciwon suga. Duk ranar da kake da yanka a hannu, ka bar tankin sai ya warke.

Na bar wannan a ƙarshe domin shi ne ya fi shafar inda muke. A ƙasar nan in mutum ya tashi da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi, kowa zai ce maleriya ce, in ba ta ji magani ba a ce taifot, a wuce kemis a yi allura a dawo a kwanta, a ɗakin nan dai mai iskar nan. Ba laifin likitocinmu ba ne, abin da suke gani kullum ke nan, kuma babu wanda zai kawo gubar murjanin Hawai a ransa yana zaune a Abuja sai in an gaya masa. Saboda haka ka riƙe waɗannan alamu, ka kuma karanta wa matarka: in an taɓa tanki ko an kawo sabon dutse, bayan ƴan sa'o'i aka ji ɗacin ƙarfe a baki, ko atishawa da tari da ƙuncin ƙirji, ko ido ya yi ja yana raɗaɗi, musamman in mutum biyu ko uku suka kamu lokaci guda, ko mage ta kwanta tana amai, to kowa ya fita waje nan take, a buɗe tagogi, a tafi babban asibiti, ba kemis ba. In ido ne a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta tun daga gida, kuma a nemi likitan ido a ranar, kada a ce bari a ga gobe. Kana isa, kafin a tambaye ka, ka ce muna da tankin ruwan teku a gida, akwai murjani mai rai, kuma an taɓa shi yau.

Ga abin da nake so ka yi mini a wannan mako, don Allah. Ka koma wurin wanda ya sayar maka, ka sa shi ya gaya maka sunan kowane abu da ke cikin ruwan nan, wanda bai sani ba ku nema tare, matambayi ba ya ɓata. Ka rubuta su a takarda da manyan baƙaƙe, ka sa kalmar palitoksin a sama, ka manna a jikin katakon da tankin ke kai, ka ɗauki hotonta a wayarka da ta matarka, domin ranar da za a bukace ta wataƙila kai ne ba ka iya magana. Ka sa wa tankin murfi, ka janye kujerar da ƴarka ke takawa. In ka yi, ka turo wa Hajiyarku hoton takardar da na safar hannun, za ta kawo mini in gani. An kira isha'i, bari in tashi. Ka gaida mai ɗakinka, ka shafa mini kan ƴar jikata, Allah ya yi muku albarka.

Kawunka.